Wanke kafireto

Wanke kafireto aiki ne na kwance kafireton injin fetur, a fitar da dattin da ya toshe ƙananan hanyoyin mai da na iska da ke cikinsa, sannan a ɗaura shi yadda yake. Yana cikin gyare-gyaren da masu babur, janareta, injin ban ruwa da injin niƙa suke iya yi da kansu a gida da kayan aiki kaɗan. Yawancin hanyoyin da ake bi wajen wanke shi su ne ake bi wajen tsabtace sauran kayan ƙarfe na inji, kamar sarƙar babur, boris, notuna da tsofaffin kayan aiki da suka yi tsatsa. Ingancin aikin ya dogara ne da sanin abu biyu: irin dattin da ake son cirewa, da irin ƙarfen da dattin ya maƙale wa. Ruwan wankin da ya dace da baƙin ƙarfe yana iya cinye alminiyum, wayar da ke kankare tsatsa kuma tana iya lalata jet nan take.

## Asalin kalma

Kalmar *kafireto* aro ce daga kalmar Ingilishi *carburettor*, wadda tushenta ke nufin haɗa wani abu da sinadarin kabon. Wasu kan ce *kabureta*. Ta shigo Hausa ne ta bakin direbobi da makanikai, tare da kalmomi irin su *lagireto*, *fulogi*, *totur*, *birki* da *giya*.

## Tarihi

Kafireto ya taso ne tare da injin fetur a ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1893 wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hungary, Donát Bánki da János Csonka, suka yi rajistar kafireto mai fesa mai. A wannan shekarar kuma Wilhelm Maybach na Jamus ya fito da nasa. Kusan shekara ɗari bayan haka mafi yawan motocin fetur da kafireto suke aiki, kuma kamfanoni irin su Solex, Weber da Zenith sun yi suna wajen ƙera shi. Daga shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 1990, dokokin rage hayaƙi a Amurka da Turai sun sa injekta ta maye gurbinsa a sababbin motoci. Gasar tseren motoci ta NASCAR ba ta bar kafireto a babban rukuninta ba sai a shekarar 2012.

Duk da haka kafireto bai ɓace ba, domin yana da arha, ba ya buƙatar kwamfuta, kuma ana iya gyara shi da sukudireba. A Najeriya da Nijar ana samun sa a tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da mafi yawan baburan haya, da ƙananan janaretoci, da injinan ban ruwa na manoman rani. Kafireton babura da yawa ƙirar kamfanonin Keihin da Mikuni ne na Japan, ko kwaikwayonsu.

## Yadda kafireto yake aiki

Injin fetur ba ya ƙona mai yana ruwa. Sai an farfasa man ya gauraya da iska. Domin fetur ya ƙone gaba ɗaya, ana buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Idan fistin ya sauka yakan zuƙo iska ta maƙogwaron kafireto. Maƙogwaron yana da ƙunci a tsakiya, inda iskar ke ƙara gudu, matsinta ya ragu, sai ta tsotso mai daga ƙasa. Ana kiran wannan ƙunci *banturi*, daga sunan masanin kimiyya ɗan Italiya Giovanni Battista Venturi, wanda ya rayu daga 1746 zuwa 1822.

Muhimman sassan kafireto su ne:

* Kofi: ƙaramin mazubi a ƙasan kafireto inda mai ke taruwa.
* Fulot da allurarsa: fulot yana yawo a saman mai. Idan kofi ya cika yakan taso ya tura allura ta rufe hanyar shigowar mai.
* Babban jet: ƙaramar tagulla mai huda, wadda ke auna man da ke wucewa idan an ba da wuta.
* Ƙaramin jet, ko jet ɗin silo: shi ke ba da mai lokacin da inji yake silo.
* Totur: ƙofar da ke ƙara ko rage iskar da ke shiga inji.
* Cok: murfin da ke rage iska domin mai ya yi yawa lokacin tayar da inji mai sanyi.
* Sukurun iska: da shi ake daidaita cakuɗar mai da iska a silo.

Hudar jet ƙarama ce ƙwarai. A tsarin Keihin lambar da ke jikin jet tana nuna faɗin hudar: lamba 38 tana nufin kimanin milimita 0.38. Shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana inji silo, ko da sauran kafireton yana sheƙi.

## Abin da ke kawo datti

Danƙon tsohon fetur. Idan fetur ya kwana a kofi na tsawon lokaci, sassansa masu sauƙin tashi sukan bi iska, ragowar kuma ya haɗu da iskar oksijin ya zama danƙo mai launin ruwan ƙasa da wari mai tsami. Kamfanonin ƙananan injina suna gargaɗin cewa fetur yana iya fara lalacewa cikin kwana 30. Zafi yana hanzarta hakan. Wannan ne ya sa injin ban ruwa da aka ajiye tun farkon damina yakan ƙi tashi idan rani ya zo. A injina masu bugu biyu, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, fetur ɗin kan tashi ya bar man a baya.

Ruwa. Yana shiga tanki ta ruwan sama, ta raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ba a cika ba, ko ta jarkar da aka ɗebo mai da ita. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin kofi. Yana haifar da farin gari a jikin alminiyum da tutiya, da kore-kore a jikin tagulla. Fetur da aka haɗa da sinadarin etanol yana ƙara jawo danshi daga iska.

Tsatsar tanki. Tankin ƙarfe da ya yi tsatsa yana sakin jan gari da ke bin tiyo zuwa kafireto. Idan ba a wanke tankin ba, kafireton zai sake toshewa cikin 'yan kwanaki.

Ƙura. A lokacin hunturu, da kuma a kan hanyoyin da ba kwalta, matatar iska tana saurin cika. Idan ta yage ko aka cire ta, ƙura kan shiga ƙananan hanyoyin iska na kafireto, ta kuma wuce cikin inji.

Gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na shekarar 2022 hukumomin man fetur a Najeriya sun sanar da janye wani fetur da aka shigo da shi, wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa. Metanol yana lalata wasu nau'o'in roba, yana kuma cin alminiyum da tutiya.

## Alamomi

* Inji yana tashi da cok amma ya mutu da zarar an mayar da cok ɗin. Wannan yakan nuna ƙaramin jet ya toshe.
* Ƙarar janareta tana hawa tana sauka alhali ba a ƙara masa kaya ba.
* Babur yana silo lafiya, amma ya shaƙe idan an murɗa totur. Yawanci babban jet ne.
* Baƙin hayaƙi, shan mai da yawa, da fulogi mai baƙin gari: mai ya fi iska yawa.
* Mai yana zuba ta tiyon da ke ƙasan kofi: datti ya hana allurar fulot rufewa, ko fulot ya huje.

Ba kowace irin wannan matsala ce daga kafireto ba. Kafin a kwance shi akan duba fulogi, matatar iska, famfon mai, da hudar numfashi da ke murfin tanki. Janaretoci da yawa kuma suna da na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa.

## Ruwan wanki

Feshin kafireto yana zuwa a gwangwani da siririn tsinke na roba. Yakan ƙunshi sinadarai masu narkar da danƙo irin su asiton, toluwin da metanol. Yana aiki da sauri kuma yana bushewa ba tare da barin saura ba, amma yana kumbura roba yana kuma cin fenti.

Kananzir da man gas suna narkar da giris da baƙin mai, ba su da saurin kama wuta kamar fetur, kuma ba su cika cutar da roba ba. Ba su da ƙarfi a kan busasshen danƙo, sannan suna barin maiƙo.

Fetur shi ne aka fi gani a garejoji saboda yana kusa, amma shi ne mafi haɗari. Ba ya ma iya narkar da danƙon da ya riga ya bushe sosai.

Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke suna cire maiƙo da ƙura ba tare da cutar da kowane irin ƙarfe ba, muddin an busar da kayan sosai.

Ruwan tsami mai sauƙi, kamar ruwan khal, wanda yawanci yake ɗauke da kashi 5 cikin 100 na asid, ko ruwan lemon tsami, yana cire farin gari da kore-kore. Jet na tagulla yana jure shi na ɗan lokaci. Jikin kafireto kuwa, da yake alminiyum ne ko haɗin tutiya, yakan yi baƙi ya yi ramuka idan ya daɗe a ciki.

Akwai abubuwan da ba a kusantar kafireto da su: soda mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita, ruwan batir, da bilic. Soda mai ƙuna tana narkar da alminiyum da tutiya, tana kuma fitar da iskar haidurojin mai kama wuta.

## Matakan wankewa

1. Ana barin inji ya huce, a rufe famfon mai, a cire hular fulogi. Sai a kwance sukurun da ke gindin kofi a tsiyaye man a cikin kwalba mai haske. Idan akwai ruwa, za a gan shi ya kwanta a ƙasa.
2. Ana goge bayan kafireton kafin a buɗe shi, domin kada dattin waje ya faɗa ciki. Ɗaukar hoto da waya kafin cire tiyo, sifirin da wayar totur yana sauƙaƙa mayarwa.
3. Ana cire kofi, sannan a zare siririn ƙarfen da ke riƙe fulot, a ɗaga fulot da allurarsa. Ana jera kayan a kan farin ƙyalle ko faranti bisa tsarin da aka ciro su.
4. Ana kwance jet da sukudireban da bakinsa ya cika tsagar daidai. Tagulla tana da laushi, ƙaramin sukudireba yana saurin cinye kan jet.
5. Kafin a cire sukurun iska, akan murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa ƙasa, ana ƙirga zagayen da ya yi, a rubuta. Da wannan adadin za a mayar da shi. A babura da yawa yakan kama tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Ba a matse shi, domin bakinsa siriri ne.
6. Ana ware duk abin da yake roba: gaskit, zoben roba, tantanin roba, fulot da allura mai bakin roba. Waɗannan da ruwan sabulu ko kananzir kawai ake goge su.
7. Ana jiƙa jet da sauran ƙarafa a ruwan wanki, a goge da tsohon burushin haƙori. Ana fesa ruwan wankin a kowace huda ta jikin kafireto har a ga ya fito ta ɗaya ɓangaren. Hudar da ba ta fitar da komai ba, ita ce take toshe.
8. Idan jet bai buɗe ba, ana zura masa abu mai laushi, kamar zaren kamun kifi ko gashin burushi. Daga nan a ɗaga shi a haske: hudar da ta fita takan nuna zagayayyen haske.
9. Ana hura iska a dukkan hanyoyin da famfon keke ko injin masu faci. Ba a hura iska mai ƙarfi alhali fulot ko tantanin roba suna ciki.
10. Ana duba bakin allurar fulot. Idan ya yi zobe ko tsaga, sauya ta ake yi. Fulot da aka girgiza aka ji mai a cikinsa ya huje.
11. Ana haɗa komai, a sa sabon gaskit idan tsohon ya yage, a buɗe mai a jira a ga ko yana yoyo. Sai inji ya yi zafi ake daidaita silo.

## Wanki da girgizar sauti

Akwai na'urar wanki mai ƙaramin kwano da ke girgiza ruwa da sautin da kunnen mutum ba ya ji, yawanci wajen girgiza 40,000 a daƙiƙa. Girgizar tana haifar da ƙananan kumfa masu fashewa a jikin ƙarfe, su ɓamɓare datti har a lungunan da burushi ba ya kaiwa. Ana zuba mata ruwa mai ɗumin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos tare da sabulun da ba ya cin alminiyum, a sa kayan a cikin kwando na minti 10 zuwa 20. Ba a zuba mata fetur ko wani ruwa mai kama wuta. Bayan an fitar da kayan, sai an ɗauraye an hura musu iska, domin na'urar tana sassauta datti ne, ba lallai ta fitar da shi daga hanyoyin ba.

## Sauran kayan ƙarfe

Maiƙo da giris. Sarƙar babur, boris da haƙoran giya ana jiƙa su a kananzir ko man gas, a goge da burushi, a busar, a shafa sabon mai nan take. Sarƙa mai zoben roba ba a wanke ta da fetur. Ba a kuma juya busasshen boris da iska mai ƙarfi, domin yana iya lalacewa ko ya tarwatse.

Tsatsa a baƙin ƙarfe. Sai an fara cire maiƙo, domin ruwan tsami ba ya ratsa mai. Notuna, sifana da filaya ana iya jiƙa su a ruwan khal daga 'yan sa'o'i zuwa kwana ɗaya, a kankare da burushin ƙarfe ko samfefa. Bayan haka ana ɗauraye su da ruwan da aka sa wa sodar girki domin kashe tsamin. Ƙarfen da aka cire wa tsatsa yana sake yin wata cikin mintuna idan ba a busar da shi an shafa masa mai ba.

Cire tsatsa da lantarki. Ana narka sodar wanki a bokitin roba, a haɗa wayar cajar batir mai alamar ragi da kayan da ake son tsabtacewa, mai alamar tarawa kuma da wani tsohon ƙarfe, ba tare da su biyun sun taɓa juna ba. Tsatsar takan saki, tsohon ƙarfen kuma ya cinye. A fili ake yin wannan saboda iskar haidurojin. Ba a amfani da gishiri a madadin sodar, ba a kuma sa ƙarfe marar tsatsa a matsayin tsohon ƙarfen, domin dukansu suna haifar da guba. Hanyar ba ta dace da alminiyum ba.

Tagulla da jan ƙarfe. Ruwan tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri, waɗanda aka daɗe ana goge kwanonin tagulla da su, suna dawo da hasken waɗannan ƙarafa. Toka da yashi da ake wanke tukwane da su suna karce ƙarfe, don haka ba su dace da sassan inji masu santsi ba.

## Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne zura allurar ɗinki ko wayar birki a cikin jet. Ƙarfen ya fi tagulla tauri, yakan faɗaɗa hudar. Inji zai tashi, amma zai riƙa shan mai da baƙanta fulogi har sai an sauya jet ɗin. Sauran kurakuran sun haɗa da fesa ruwan wanki ta maƙogwaro kawai ba tare da buɗe kofi ba, tsallake ƙaramin jet, matse sukurori har zaren jikin kafireto ya cinye, da liƙe kofi da gam a madadin gaskit, wanda ɓarɓashinsa ke komawa ya toshe jet.

## Haɗari

Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, alhali kananzir sai ya kai kimanin digiri 38. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya kaiwa ga murhu, risho, fitila ko garwashin da ke nesa da wurin aiki, wutar kuma ta biyo shi baya. Saboda haka a fili ake wannan aiki, nesa da madafa da masu shan taba. Wutar fetur da yashi ko na'urar kashe gobara ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi.

Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a rukuni na 1 na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Wanke hannu da fetur da zuƙo shi da baki ta tiyo suna da illa. Idan ya shiga huhu yana jawo mummunan kumburi. Feshin kafireto kan dawo fuska idan hudar ta toshe, don haka ake sa tabarau da safar hannu. Wasu feshin wanke birki suna ɗauke da sinadarin kulorin da ke rikiɗewa zuwa iska mai kisa idan ya haɗu da wutar walda. Haɗa bilic da ruwan tsami shi ma yana fitar da iska mai guba.

Gwada janareta bayan gyara a waje ake yi. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutane a rufaffen ɗaki. Ragowar ruwan wanki ba a zuba shi a kwata, kusa da rijiya ko a gona. Ba a kuma ajiye shi a robar ruwan sha ko ta lemo inda yara za su iya ɗauka.

## Rigakafi

Hanya mafi sauƙi ita ce hana mai kwana a kofi. Idan za a ajiye inji fiye da wata ɗaya, ana rufe famfon mai a bar shi ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa, sannan a tsiyaye ragowar ta sukurun gindin kofi. Tace fetur kafin a zuba a tanki, sa ƙaramar matatar mai a tiyo, da wanke soson matatar iska akai-akai a lokacin ƙura suna rage yawan buɗe kafireto. Idan ruwa ya riga ya ci jikin kafireton ya yi ramuka, ko sandar totur ta yi lako-lako tana shigar da iska, wanki ba ya magance matsalar, sai dai a sauya shi.

## Duba kuma

* Janareta
* Babur
* Fetur
* Tsatsa
* Alminiyum